Baitin da Ban Taɓa Ji Ba

"Wace waƙa ka rera mini jiya?" budurwata ta tambaye ni, fuska a murtuke.

"Tsohuwar waƙar soyayya ce. Da ita Mama ke rarrashina ina yaro."

"A kanta muka yi nazari yau a aji. A ƙarshe saurayin ya jefa yarinyar rijiya, ya auri ƙanwarta. Kuma ka san ina da ƙanwa."

Na garzaya gida, na tarar da Mama tana wanke-wanke.

"Mama, za ki kashe mini aure. Me ya sa ba ki taɓa rera mini wurin kisan ba?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kullum sai na kai ƙarshe, ɗan nan. Kai ne tun a baiti na biyu kake fara minshari."