Wutsiyar Kakin Baba

Ranar da na zo na ɗaya a lissafi, na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, na tarar Baba ya tafi la'asar. Maƙerin azurfa ne. Ya bar siffar abin wuya irin namu na Agadas, da ya murza da kakin zuma. Irinta yake lulluɓewa da yumɓu, ya narkar da kakin, ya zuba azurfa a gurbinsa. Na auna ta, na ga wata wutsiya ta yi yawa, na yanke.

Da ya dawo na ce, "Baba, na gyara maka. Kai da ido kake aiki, ni da awo."

Ya kalli kakin ya ce, "Malam ƙarami, ta nan narkakkiyar azurfa ke shiga. Ka rufe mata ƙofa."

Bai doke ni ba, ya sake murzawa yana murmushi. Girman kai ya hana ni ba shi haƙuri. Har yau ƙamshin kaki kunya yake sa ni. Allah ya jiƙan Baba.