Gindi ɗaya, wuya daban

Yaya Saude, kin ce kalmar nan ta Turanci, wato "take", ta ishe ki: jiya an ce tana nufin tuɓe riga, yau an ce tashin jirgi, alhali farkonta bai sauya ba, 'yar ƙaramar kalmar da ke binta da zancen da ke kewaye da ita ne kika ƙi tsayawa ki duba. Rufe littafin tukuna, in ba ki wani misali.

A wani ƙauye na bakin kogi an yi wata budurwa maginiyar tukwane da aka sa wa ranar aure. Mahaifiyarta ta rasu, babu mai yi mata kayan ɗaki, sai ta ce ita za ta gina abinta. Yadda ake ginin a garinsu, tsohuwar tukunya ake kifewa, a barbaɗa mata toka, a yaɓa yumɓu a bayanta ana bubbugawa har ya ɗauki siffarta, sannan a cire a ajiye ya sha iska. Haka ta fitar da gindi goma sha biyu a bayan wata tsohuwar tukunya mai 'yar tsaga, ta jera su a inuwar zana, duk kamar an tsaga kara. Ranar ce gwaggon angon ta biyo ta gidan. Ta dubi jerin, ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni! Yarinya, tuwon gari duka za ki riƙa tuƙawa? Tukunya goma sha biyu, ba tulu ko ɗaya. Ɗanmu a tafin hannu zai sha ruwa ke nan?" Budurwar ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ai ba su yi wuya ba tukuna." Tsohuwa ba ta tsaya ji ba. Kafin la'asar magana ta kai bakin rijiya: amaryar da za a kawo abu ɗaya tak ta iya, dangin ango ma sun fara cewa a sake shawara. Shi dai angon manomi ne marar yawan magana. Kullum da safe sai budurwar ta tarar ya jingine mata damin karan gasa tukwane a ƙofar gida.

Ta ci gaba da aikinta. Wannan ta ja masa wuya siriri ya zama tulu. Wancan ta ɗora masa yumɓu ta buɗe bakinsa ya zama randa. Ɗaya ta huhhuda masa ƙasa da tsinke, ga madambaci. Wani ta bar shi gajere, kasko. Biyu suka fashe a wuta, ta sake su. Ranar jere, mata suka cika ɗakin suna ɗaga wannan suna ƙwanƙwasa wancan. Gwaggo ta rantse sayo su aka yi a kasuwa. Sai ta shiga kife su ɗaya bayan ɗaya, ta ga kowanne da 'yar tsagar tsohuwar tukunyar nan a gindinsa. Ta daɗe a tsugune. Da ta miƙe, ita da kanta ta rangaɗa guɗa, ta ce wa matan, "Ku matsa, kada ku fasa wa 'yata kaya."

To, Yaya, buɗe littafinki. Kada ki yanke wa kalma hukunci tun daga gindinta, ki bi ta har wuya. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba wane ba ne.