Jaririn da Ba Shi da Tabo

Farfelar jirgin ruwan ta daki wani abu, ruwan tekun Shark Bay ya yi jajir.

Ɗalibar da ke tuƙin ta kashe inji. Tun zuwanta malaminta ke koya mata gane kowane dolfin, dabbar teku mai kama da babban kifi, da tabon fiffiken bayansa, domin sai mai tabo ake raɗa wa suna. Wani jaririn dolfin kaɗai ya gagare su, jikinsa sumul.

"Matsa kusa mana, sarauniyar tsoro!" Haka malamin ya ce mata ɗazu, ita kuwa ta matsa da jirgin kusa da jaririn.

Uwar ta tallafo ɗanta sama. Yana numfashi, fiffikensa a tsage.

"Malam, yaya za mu yi?"

Ya ɗaga kyamara yana murmushi.

"Kauce, kin tare min haske. Yau dai ya samu suna."