Kujerar Baya

Ba a jima da 'yan bindiga suka harbe Baffa Sani, ƙanen Baba, a kujerar baya ta motarmu a hanyar Tsafe ba, sai motar ta fara warin fumfuna. Maƙwabta ne suka wanke ta da ruwa mai yawa, suka rufe gilasai, ga damina. Fasinjoji a tashar Gusau suna shiga sai su toshe hanci su sauka, alhali da motar nan muke ci.

Wata rana ina zaune bakin zaure da littafina, Inna ta fito da kaskon turaren wuta ta ajiye cikin motar.

"Malam, a bar turaren ya kama zuwa la'asar," in ji ta.

Baba ya shuro kaskon waje, garwashi ya tarwatse har gabana. Ya zaro wuƙar da yake yanka layya da ita, ya caka wa kujerar, ya farke ta daga wannan ƙofa zuwa waccan. Yana sara yana fizgo soso yana jifa, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Saman soson fari tas, cikinsa kuwa jiƙe yake, ja ya koma baƙi.

"Kun ce kun wanke!" ya daka wa maƙwabtan da suka taru tsawa. "Ga shi nan! Ga Sani nan!"

Ba wanda ya motsa. Ya tuɓe rigarsa ya naɗe soson, ya haƙa rami bayan gida ya binne. Washegari ya ɗora katako da tabarma a gurbin kujerar, ya koma tasha.

Har yau, in na shiga mota mai warin danshi, ba na iya jingina.