Sai Baɗi

Ta ɗora biro ke nan za ta sa hannu a takardar sayen haƙƙin zaman mako guda a wani otal na bakin teku, sai yayarta ta dafe mata hannu.

"Kin kira otal ɗin da kanki?"

"Haba Yaya! Dillali ya turo hotuna. Mai makon ne ya gaji, yake sayarwa da araha. Ke komai sai kin tona, kamar kaza."

"Na ji, kazar ce. Ba ni lambar."

Haushi ya turnuƙe ƙanwar. Ita sauri take yi, domin likita ya ce da wuya Baba ya wuce bana, shi kuwa burinsa ɗaya ne, ya huta a gaɓar tekun Carolina ta Amurka tare da jikokinsa.

Da yayar ta buga, ma'aikaciyar otal ta amsa da fara'a. Ɗakin gaskiya ne, makon ma na Yuli ne, sai dai shekara ɗaya ake shiga a tsallake ɗaya. Bana ta wani iyali ce, nasu sai baɗi.

Ƙanwar ta ajiye biron a hankali.

Wani tsohon gida suka kama haya a bakin tekun, a Yulin shekarar. Baba ya naɗe wando ya tsoma ƙafa a teku, jikoki na watsa masa ruwa yana ta dariya.

Da Yuli ya sake zagayowa, hoton ranar ne kawai a kan kujerarsa. Ta kira yayarta.

"Kaza," ta ce, "Allah ya bar mana ke."