Kalangun Baba a Cikin Maɓalli

"Wallahi na gaji, Baba. Sayar da ita zan yi," ya ce wa mahaifinsa, yana jona 'yar na'urar haɗa kiɗa mai arha da kwamfuta don ya goge sautukan ciki.

Shekara da shekaru yana danna maɓallanta a birnin Parakou na Jamhuriyar Benin, babu mawaƙin da ya karɓi kiɗansa. Ya zo garin Djougou duba mahaifinsa, makaɗin mahauta, wanda shanyewar ɓarin jiki ta raba da kalangu.

Tsohon ya miƙa yatsan hagu ya danna maɓalli ɗaya. Amon kalangunsa ya fito, wanda ɗan ya naɗa a na'urar tun tsohon yana da lafiya. Ya ci gaba da dannawa, har wani mahauci ya leƙo yana rausaya kai.

"Koma Parakou ka huta," in ji tsohon, bai ko ɗago ba. "Wannan kam ta zauna nan."