Ba a Cewa Babu

Nazeer na tsakiyar shan koko wayarsa ta yi ƙara, yana dubawa kofin ya kuɓuce masa. Wani Mista Daniels daga Landan ya ba shi aiki.

Wata da watanni ya shafe yana neman aiki a shafin nan na intanet da ake ɗaukar mutane kwangila daga ko'ina a duniya, babu wanda ya ko tanka masa. A shafin taurari ake kallo. In ka yi aiki mai aikin ya ji daɗi, sai ya liƙa maka su a gaban suna, wasu su gani su kira ka. Nazeer ko na rantsuwa ba shi da shi. Ga mahaifinsa, Alhaji Gwadabe mai robobi a Ƙofar Wambai, ya riga ya yanke hukunci: in Sallah ta zo babu aiki, a ajiye danne-dannen waya a dawo shago jera bokitai.

Abu ɗaya Nazeer ya ɗauko daga shagon nan. Alhaji ya raini 'ya'yansa kaf, maza da mata, a kan cewa ɗan kasuwa ba ya cewa babu. In mai saye ya tambayi abin da ba ka da shi, ka ce akwai, ka ba shi kujera, ka zaga ta baya ka karɓo a shagon maƙwabci. Don haka da Nazeer zai buɗe shafinsa bai yi wa kansa rowa ba. Ya raɗa wa kansa Naz Global Studio, ya ce a Dubai yake, ya liƙa hoton wani dogon bene, ya rubuta cewa babu abin da kamfanin bai iya ba.

Mista Daniels bidiyon talla yake so, zane mai motsi, wata kwalbar lemo tana tiƙar rawa, kuma gobe yake son abinsa. Za a iya? Nazeer ya ce akwai. Baturen ya shiga ciniki, yana ja yana saki kamar haifaffen Kantin Kwari, har Nazeer ya sallama a farashin da ɗan dako ma zai raina. Ko a jikinsa. Shi tauraro yake nema.

Kafin hantsi unguwarsu ta Gwammaja ta sha labari. Ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa mai faci, ya tare wani tsoho da bai sani ba ya nuna masa wayar. Daga nan ya ɗare adaidaita sai Ƙofar Wambai, takalmi wari da wari, bai ma lura ba.

Alhaji ya kalle shi ta saman tabarau. “Ka iya aikin dai ko?”

“Akwai, Baba.”

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wa maƙwabtansa wannan jininsa ne babu tantama.

Maganar gaskiya, Nazeer ko da'ira bai iya zanawa daidai ba. Amma hankalinsa kwance yake, domin shagon maƙwabcinsa a cikin gidansu yake. Yayarsa Sa'adiyya ta daɗe a harkar intanet, taurarinta har sun gundure ta. Takan kulle ɗaki da kwamfutarta, bayan kwana biyu a ga bidiyo ya fito tsaf, kowa na sa albarka, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin ta riƙe da abin zane. Bai taɓa nuna mata shafinsa ba saboda ya san bakinta. Sai ga shi yau ya taki sa'a, tun safe take 'yan waƙe-waƙe, har ta ƙara masa ƙosai, ta ce ta sauke wani nauyi da ya tsaya mata a wuya.

Da ya dawo gida suka ci gaba da hira da Mista Daniels. Mutumin akwai tarbiyya. Ana kiran Azahar ya yi shiru, sai da aka idar ya dawo. Da NEPA ta ɗauke wuta a unguwa ma sai ya ɗauke ɗif, kamar yana taya su jimami. Nazeer ya ce wa kansa lallai Turawa akwai kara. Ya rubuta masa cewa ya kwantar da hankali, babbar ƙwararriyar kamfanin ce da kanta za ta yi aikin. Baturen ya aiko da hoton hannuwa biyu a ɗage kamar mai addu'a.

Bayan La'asar Nazeer ya sayo gurasa mai ƙuli da zoɓo mai sanyi, ya yi sallama a ƙofar ɗakinta da murya irin ta mai neman alfarma.

“Yaya, Allah ya ja zamaninki. Wani ɗan ƙaramin aiki ne, ke a wajenki shan ruwa ne.”

Ta karɓi gurasar tana murmushi, ta karɓi wayar. Ta kalli kwalbar lemon. Ta daina tauna. Ta ja allon sama, ta ja shi ƙasa, ta tsaya a kan hoton dogon benen nan ta daɗe.

“Kai ne Dubai?” ta tambaya a hankali.

“Ni ne, Yaya. Tauraro ɗaya nake so, ki raba ni da bokitan Baba.”

Sa'adiyya ta ajiye gurasar, ta juyo masa da fuskar kwamfutarta, inda saƙonsa na babbar ƙwararriya yake zaune a shafin da ta buɗe da sunan Mista Daniels.

“Nazeer, ni ma akwai na ce wa mai lemon, na zaga ta baya. Da na iya, ai da ban kawo shagonka ba.”